Yadda Ake Bitar Jarrabawar Harshe: Karatu, Rubutu da Dabarar Amsa Tambaya

Duk sanda jarrabawa ta matso, tambaya ɗaya ce ke ta zuwa mini daga ɗalibai da iyaye. Lissafi an san yadda ake bitarsa, a ɗauko tambaya a warware. To jarrabawar harshe fa? Rubutun da za a ba ka ka karanta ba ka taɓa ganinsa ba, batun insha'i kuma sai ranar za ka san shi. Shi ya sa da yawa suke cewa babu abin bita a ciki, su bar ta sai daren ƙarshe, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin bita, kuma yana da yawa. Sai dai da hannu da agogo ake yinsa: ka amsa, ka duba inda ka faɗi, ka gyara wurin. Tsarin da zan kawo na mako shida ne, minti 40 a rana, kuma yana aiki ko da wane harshe za ka rubuta jarrabawar. Idan kwanakinka ba su kai haka ba, matse makonnin, amma kada ka sauya jerin matakan.

1. Haɗa kayan aiki

Abin da kake buƙata kaɗan ne: manhajar darasin, takardun jarrabawar baya aƙalla uku, tsarin ba da maki idan malaminka zai iya samo maka, ƙamus, agogo, biro irin wanda za ka shiga da shi, littattafan rubutu guda biyu, da 'yan yankakkun takardu kamar girman tafin hannu. Littafi ɗaya na atisaye ne, ɗayan zan faɗi aikinsa a mataki na uku. Tsadar wannan aiki a lokaci take, don yawancin kayan ana samunsu aro daga malami ko ɗakin karatu na makaranta.

Hattara: tabbatar takardun bayan da ka samo na manhajar da ake amfani da ita yanzu ne. Hukumomin jarrabawa sukan sauya littattafan adabi da tsarin tambayoyi. Nuna wa malaminka kafin ka ɓata mako guda kan littafin da aka cire. Kuma agogon waya ba ya cikin lissafi, domin wayar za ta cinye mintin 40 ɗin ba ka sani ba.

2. Gwada kanka tun kafin ka karanta komai

Ranar farko, ɗauki takardar jarrabawa ɗaya ka zauna ka amsa ta gaba ɗaya, cikin lokacin da aka rubuta a samanta, ba ƙamus, ba tambayar kowa. Na san ɗalibai ba sa son wannan mataki, kowa yana so ya ɗan shirya tukuna kada ya ga maki mai ɓata rai. Yi haƙuri ka yi shi haka. Likita ba ya rubuta magani sai ya auna, kai ma ba za ka san inda za ka zuba ƙarfinka ba sai ka ga inda yake yoyo.

Idan ka gama, rubuta abu biyu a gefe: minti nawa kowane sashe ya ci, da tambayar da kake kai lokacin da agogo ya cika. Sashen zaɓi, wato canki-canka, za ka iya duba shi da kanka. Insha'i kuwa kai wa malami ko wani babba da ya iya harshen, ka roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashin kowane kuskure ba tare da ya gyara maka ba.

3. Buɗe littafin kurakurai

A nan ne duk aikin ya rataya. Raba kowane shafi na littafi na biyu gida uku: abin da na rubuta, abin da yake daidai, dalilin da ya sa na faɗi. Gida na ukun shi ne mai wuya, shi ne kuma mai amfani. "Ban mai da hankali ba" ba dalili ba ne. Rubuta takamaimai: ban ga kalmar "banda" a cikin tambayar ba, na amsa da abin da na sani maimakon abin da rubutun ya ce, ban san ma'anar kalmar ba, lokaci ya ƙure mini.

Bayan takarda ɗaya ko biyu za ka lura cewa kurakuranka ba su da yawan iri. Galibi uku ne ko huɗu suke ta dawowa cikin kaya daban-daban. Su ne manhajarka ta gaskiya. Duk ranar da za ka fara bita, minti biyar na farko na wannan littafi ne.

4. Raba kwanakin

Kada ka ba kowane sashe lokaci daidai wa daida. Sashen da ya fi maki da sashen da ka fi rauni su ne za su kwashi rabo babba. Misalin mako guda: kwana biyu auna fahimta da taƙaitawa, kwana biyu insha'i, kwana ɗaya nahawu da ƙa'idojin rubutu, kwana ɗaya adabi, rana ta bakwai hutu.

Dalilin rarraba aikin a kan kwanaki sananne ne. Tun 1885 masanin nan Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu, kuma maimaitawar da aka bar tazara a tsakaninta ta fi zama a kai. Minti 40 sau shida sun fi awa huɗu a zama ɗaya.

Hattara da maimaita karanta abin da ka rubuta a aji, da shafa wa layuka launi. Suna sa mutum ya ji kamar ya iya, saboda idonsa ya saba da shafin. A binciken da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006, ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta rubutu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe rubutun suka gwada tuno shi daga ka su ne suka yi zarra. Jarrabawarka ta fi kama da mako guda ɗin. Saboda haka rufe littafin, faɗi abin da ke ciki, sannan ka buɗe ka duba.

5. Auna fahimta

Ga jerin da nake koya wa ɗalibaina. Fara da leƙa tambayoyin, minti ɗaya kawai, don ka san abin da ake nema. Sai ka karanta rubutun gaba ɗaya ba tsayawa, ko da ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba. A karatu na biyu, rubuta kalma uku ko huɗu a gefen kowane sakin layi da ke faɗin abin da ya ƙunsa. Daga nan ne za ka fara amsawa, kuma kowace amsa sai ka iya ɗora yatsa a kan layin da ya ba ka ita.

Tambayoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda amsarta tana kwance a fili. Akwai wadda ke neman ma'anar kalma yadda aka yi amfani da ita a wurin. Akwai mai neman babban saƙon rubutun ko manufar marubuci. Sai kuma wadda ta fi kayar da ɗalibai, mai neman abin da ba a faɗa ba amma an nuna. Duba wannan:

"Tun da kakarsa ta rasu, yaron ya daina zama a bakin ƙofa da yamma. Kujerar tana nan inda take, ƙura ta rufe ta. Idan mahaifiyarsa ta aike shi, sai ya zagaya ta baya."

Tambaya: me ya sa yaron yake zagayawa ta baya? (a) hanyar baya ta fi kusa, (b) mahaifiyarsa ta hana shi bin ƙofa, (c) ganin kujerar yana tuna masa da kakarsa, (d) ba ya son ƙura.

Babu inda aka ce yaron yana baƙin ciki. Amma "tun da" ta ɗaure canjin halinsa da rasuwar, kujerar da ba a taɓa ba ta nuna ta wace ce, "zagaya" kuma tana nuna hanyar ta fi nisa, wanda ya kashe (a) nan take. Amsar (b) za ta iya faruwa a wani gida, amma rubutun bai ba da ko alamarta ba. Amsar (d) tarko ce da aka ɗana da kalmar da ke cikin rubutun, don mai gaggawa ya ga "ƙura" ya cafke. Saura (c). Haka masu tsara tambaya suke aiki sau da yawa: amsa ɗaya da rubutun ya ƙaryata, ɗaya mai yiwuwa amma ba hujja, ɗaya mai aron kalma. Idan ka saba gane su, rabin aikin ya ƙare.

Kalmar da ba ka sani ba kuwa, karanta jimlar da ke gabanta da wadda ke bayanta, ka sa wata kalma da ka sani a gurbinta ka ji ko maganar ta tafi. Idan aka ce ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata, dole ta zauna a jimlar ba tare da an taɓa komai ba: aikatau a wurin aikatau, jam'i a wurin jam'i.

Hattara: iliminka na waje ba shi da kujera a wannan sashe. Ko da ka san abin da marubucin ya faɗa ba daidai ba ne, tambayar tana neman abin da shi ya ce.

6. Taƙaitawa

'Yan kalmomin da ka rubuta a gefen sakin layi su ne ƙashin taƙaitawarka. Zubar da misalai, da maimaici, da adon magana, ka mai da kowane muhimmin batu cikakkiyar jimla da kalmominka. Idan an ce jimla uku, uku za ka kawo. Kwafo layi sukutum daga rubutun yana jawo asarar maki, haka ma cusa ra'ayinka.

7. Nahawu, ƙa'idojin rubutu da kalmomi

Kada ka ɗauki littafin nahawu daga bango zuwa bango. Littafin kurakuranka ya riga ya gaya maka babukan da za ka buɗe. Kowane harshe yana da wuraren da masu rubuta shi suke tuntuɓe. Mai rubuta Hausa, misali, yakan manta lanƙwasa, ya rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ko "bata" a wurin "ɓata", ko ya raba "yana" gida biyu, ya haɗe "za ka" wuri ɗaya. A wasu harsunan matsalar tana wajen lokutan aikatau ne ko daidaita suna da aikatau. Alamomin rubutu kuwa na kowa ne: aya, waƙafi, ruwa biyu, alamar tambaya, alamar zancen wani.

Nan ne yankakkun takardun nan za su yi aiki. Rubuta tambaya ko kalma a gaba, amsa da jimlar misali a baya. Raba su gida uku, irin tsarin da Sebastian Leitner ya yaɗa a shekarun 1970: gida na farko kullum ake duba shi, na biyu bayan kwana uku, na uku sau ɗaya a mako. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya koma gida na farko komai nisan da ya yi. Kalma biyar a rana ta isa, amma kowacce sai ka gina jimlarka da ita.

8. Insha'i

Akwai wata ɗaliba da har yanzu takardarta take raina. An ce a rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta a kawo dalilai uku da suka sa ya kamata a tsawaita lokacin buɗe ɗakin karatu. Ta cika shafi huɗu da rubutu mai kyau, jimloli masu daɗi, kan amfanin karatu ga ɗan Adam. Babu adireshi, babu gaisuwar wasiƙa, dalilan uku kuma ba su fito ba. Ta fi kowa iya harshen a ajin, amma makin da ta samu bai kai na yaron da ya rubuta shafi ɗaya da rabi ya amsa abin da aka tambaya ba. Da na mayar mata da takardar na nuna mata tambayar, sai ta yi shiru tana kallonta, ta ce: "Malam, ban sake karanta ta ba bayan na fara." Na ji zafin abin sosai, domin minti biyu ne suka raba ta da makinta.

Don haka kafin biro ya taɓa takarda, ja layi a ƙarƙashin abu uku a cikin tambayar: wane irin rubutu ake so, wa ake rubuta wa, abu nawa aka ce ka kawo. Insha'in labari yana son jerin faruwar abubuwa. Na siffantawa yana son abin da ido ya gani da kunne ya ji. Na bayani yana son matakai ko dalilai a jere. Na muhawara yana son ka tsaya a gefe ɗaya ka kare shi, ka kuma taɓo hujjar ɗaya gefen ka rushe ta. Wasiƙar aiki da ta zumunci kowacce da sigarta da irin harshenta.

Sai tsari, minti biyar. Ga yadda na wasiƙar can zai kasance a gefen takarda: buɗewa, abin da nake roƙo; dalili na ɗaya, masu zama nesa ba sa samun lokaci; na biyu, littattafan da ba a ba da aronsu; na uku, wurin shiru gab da jarrabawa; rufewa, shawarar a ƙara awa ɗaya a gwada. Layi biyar ke nan, kuma kowanne zai zama sakin layi. A cikin kowane sakin layi, faɗi batun a jimlar farko, kawo misali ko hujja, nuna yadda ya shafi tambayar, ka wuce.

San girman rubutun hannunka tun a gida. Ƙirga kalmomin layi biyar ka raba da biyar. Idan layinka yana ɗaukar kalma 9, insha'i mai kalma 450 layi 50 ne. Da wannan ba za ka tsaya ƙirga kalmomi a ɗakin jarrabawa ba.

A makonni biyun farko, ba sai ka rubuta cikakken insha'i kullum ba. Ɗauki batutuwa uku ka tsara su kawai, minti biyar-biyar, sannan ka rubuta sakin layi ɗaya da kyau. Daga mako na uku, cikakke ɗaya a mako, da agogo. Idan ka gama, karanta shi a bayyane. Kunne yana kama jimlar da ta karye a inda ido ya wuce.

Hattara da haddace insha'i don a juye shi ranar jarrabawa. Mai duba takarda yana gane shi tun daga sakin layi na farko, domin bai dace da tambayar ba. Haka kuma manyan kalmomin da ba ka tabbatar da ma'anarsu ba. Ƙaramar kalma da ta zauna daidai ta fi su kawo maki. Karin magana ɗaya a wurin da ya dace ado ne, biyar kuma kaya ne.

9. Adabi

Idan jarrabawarka ta haɗa da littattafan da aka zaɓa, karanta su da kanka, taƙaitawar wani ba ta isa ba. Ga kowane littafi ka yi shafi ɗaya: jigo, manyan taurari da abin da ya canza su, wurare uku da labarin ya juya, da gajerun layuka biyu ko uku da za ka kafa hujja da su. A waƙa, ambaton sunan adon harshe, kamantawa ne ko mutuntarwa ko kambamawa, rabin amsa ne. Sauran rabin shi ne faɗin aikin da ya yi a wurin. Kuma idan an ce ka tattauna halin tauraro, kada ka koma ba da labarin littafin daga farko.

10. Cikakken gwaji

A makonni biyun ƙarshe, yi cikakkiyar takarda sau biyu, a irin lokacin da za a yi ta gaske, a kan tebur, ba tashi. A nan za ka gwada rabon lokaci. Idan takardar minti 120 ce mai maki 100, cire minti 5 na duba tambayoyi da minti 10 na bita a ƙarshe. Saura 105, kusan minti ɗaya ga kowane maki. Insha'i mai maki 40 zai samu kimanin minti 42, ciki har da tsarawa. Rubuta lokacin da za ka bar kowane sashe a saman takardarka, kuma idan ya yi ka bar shi. Makin farko na sabuwar tambaya ya fi sauƙin samu a kan makin ƙarshe na wadda kake ta gogewa.

Kwatanta wannan sakamako da na ranar farko, sashe da sashe. Kuskuren da har yanzu yake dawowa shi zai ci sauran kwanakin.

11. Daren jarrabawa da cikin ɗaki

Daren ƙarshe ba na sabon karatu ba ne. Duba littafin kurakurai na rabin awa, haɗa biro biyu da katin shaida da duk abin da aka ce a zo da shi, ka kwanta. Matasa suna buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma karatu da rubutu suna cikin ayyukan da rashin barci yake gurguntawa.

Idan aka raba takarda, karanta umarnin sama har ƙarshe, musamman yawan tambayoyin da za a amsa da waɗanda suke dole. Juya bayan takardar, sau da yawa akwai tambaya a can. Fara da sashen da ka fi ƙarfi idan an yarda, amma ka rubuta lambar kowace tambaya daidai.

A canki-canka, rufe zaɓuɓɓukan ka amsa a ranka tukuna, sannan ka duba wanda ya yi daidai da taka. Kula da "banda", "ba", "kullum", "kaɗai". Idan ba ka sani ba, soke waɗanda ka tabbatar ba su ba ne: cikin zaɓi huɗu damarka kashi 25 ce cikin 100, idan ka soke biyu ta koma 50. In ba a rage maki kan amsar kuskure, kada ka bar gurbi. In ana ragewa, yi canki ne kawai bayan ka soke wasu. Maganar da ake yi cewa amsar farko ita ce daidai kullum, bincike bai goyi bayanta ba. Idan ka koma rubutun ka ga hujja, canza. Idan fargaba ce kawai ba hujja, bar ta.

Hattara: duk sanda ka tsallake tambaya, tsallake lambarta a takardar amsa. Bayan kowace tambaya goma ka duba ko lambobin sun yi daidai, don gocewar layi ɗaya tana iya ɓata duk abin da ya biyo baya.

Idan kanka ya ɗaure, ajiye biron, ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar, ka koma tambaya mai sauƙi. Minti goman ƙarshe kuma ka bi su da tsari: fara da sunanka da lambarka, sai lambobin tambayoyi, sai ka sake karanta tambayar insha'i ka ƙirga ko ka kawo duk abin da ta nema. Abin da ya rage na lokacin, bi rubutunka layi-layi kana neman kurakuran nan uku ko huɗu da littafinka ya nuna maka. Inda ka ga ɗaya, ja masa layi guda, ka rubuta gyaran a samansa yadda za a iya karantawa.